Ranar da Maman Lawali Ya Datse Rezon Maƙwabta

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai shayin ƙofar jami'a a nan Maraɗi ya san Maman Lawali. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don mutum ne da ba ya buɗe baki sai da "Ai ni nan da kuke gani". Dogo ne siriri, kullum da wata hular hana-sallah mai ruwan ganye a kansa, wadda aka ba shi a wata formasiyo, wato taron horo, da ya taɓa leƙawa a Yamai. Me aka koyar a formasiyon? Oho! Shi dai tun da ya dawo da hular ya ce a riƙa kiransa Injiniya, ya kafa tebur a bakin ƙofa yana sayar da caja da murfin salula.

Kafin nan a garinsu Jiratawa yake, aikinsa buɗe wa manoman fadama ruwa. A can da layi ake shan ruwa: yau a buɗe wa wannan ɓangare, gobe a datse a buɗe wa wancan. Ya riƙe aikin lafiya lau har ranar da ya buɗe ƙofar ruwa ya tsaya yi wa wasu baƙi bayanin yadda ake noma a ƙasar Sin, inda ko a mafarki bai taɓa zuwa ba. Bai farga ba sai da albasar shugaban manoma ta koma iyo. Amma ka tambaye shi, zai ce maka shi ya ajiye aikin don ya yi masa kaɗan.

To, Maman Lawali yana da taubashiya mai suna Tahira, ɗiyar gwaggonsa Zuliha ta Tsibiri. Tun suna yara ba su haɗuwa a rabu ba a yi tsiya ba. Tahira ta gama rubuta kundinta a kan noman zogale, saura sutnans, wato ranar da za ta tsaya gaban malamai ta kare abin da ta rubuta. An ma riga an yi mata alkawarin aikin malamar gona a fadamar Jiratawa, da sharaɗin ta kawo diplom kafin wata ya mutu, in ba haka ba a ba wani. Ga shi shugaban malaman da za su saurare ta, Farfesa Mustafa, yana can Dakar, ta ordinata, wato kwamfuta, zai yi magana. Rana guda ya bayar. In aka kuskure ta sai baɗi.

Ana saura 'yan kwanaki aka shiga ɗakin sutnans don a gwada. Akwatin wifi na ɗakin yana kan taga, layin salula ne a cikinsa, daga dogon ƙarfen rezo na bayan jami'a yake kamo rezon, wato sabis na intanet, ya raba wa mutanen ɗaki. Aka kira Dakar. Farfesa ya bayyana, ya buɗe baki zai yi sallama, sai ya ƙame a haka, baki hangame, ido ɗaya a rufe. Can ya motsa ya ce "…kum", ya sake ƙamewa.

Dokta Ilyasu, malamin da ya duba aikin Tahira, ya yi tsaki ya ce, "Akwatuna ne sunka yi yawa a ginin nan. Ga nawa a buro, ga na Hajiya Tasalla mai fotokopi, ga na ƙungiyar ɗalibai. Kowane na ta surutu lokaci guda, suna danne juna. Kar ki damu, Tahira. Zan tahi Yamai taro, in na dawo ran sutnans da sahe sai mu jawo waya daga burona mu haɗa da ordinata, magana ta ƙare."

Rashin sa'a, Maman Lawali yana tsaye a bakin ƙofa, ya kawo wa Tahira caja. Dokta na fita ya shigo yana girgiza kai kamar wanda ya ji an zagi iyayensa.

"Waya! A wannan zamani! Taubashiya, ki kai ga matakin digiri na biyu a ɗaure ki da igiya kamar akuya?"

"In akuyar za ta samu diplom a ɗaure ta," in ji Tahira. "Aje cajar ka koma teburinka."

"Ai ni nan da kike gani, wannan matsala a tafin hannuna take. Rezo da ruwa duk abu guda ne. Na sama ya buɗe, na ƙasa ya kwana da ƙishi. Rabo kawai za a yi."

"Kamar rabon da ka yi wa albasa?"

"Waccan albasa da ma ba ta da ƙwari."

"Maman Lawali, don girman Allah kar ka taɓa komi."

Ya ce to. Amma "to" ɗin Maman Lawali, wanda ya san shi ya san ba ta wuce leɓe.

Da hantsi washegari sai ga shi a shagon Hajiya Tasalla, wata gajeriyar mace mai kaifin baki da ta shekara da shekaru tana buga wa ɗalibai takardu a ginin. Ya gyara hula ya yi sallama.

"Hajiya, barka da aiki. Na zo da tsarin rabo."

Ba ta ko ɗago kai daga injin ba. "Rabon mi? Wa ya rasu?"

"Rabon rezo. Daga hantsi zuwa azahar ki kashe akwatinki, a buɗe wa ɗakin sutnans. Daga azahar zuwa la'asar naki ne ke kaɗai, ki sha ki ƙoshi. Haka muke yi a Jiratawa."

"Yaran da ke aiko mini takardunsu ta salula fa? In ce musu su jira layin ruwa?"

"Haƙuri za su yi. Ko zogale na jira."

Sai a nan ta ɗago ta dube shi daga hula har takalmi. "Tsaya. Ba kai ne ka yi wa albasar Alhaji wanka ba?"

"Hajiya, wannan magana an ƙara mata gishiri."

"Ruwa dai anka ƙara mata. Fita mini, kana tare haske."

Bai karaya ba, ya zarce ofishin ƙungiyar ɗalibai. Ya tarar da sakatarensu Salim, wani yaro mai gemun akuya wanda ko gaisuwa zai yi sai ya ɗaga yatsa sama. Maman Lawali ya zayyana masa tsarin rabo. Salim ya miƙe a hankali, ya cire tabarau.

"Kamarad, maimaita. A kashe mi?"

"Akwatin. Na ɗan lokaci ne."

"Wa ya aiko ka? Hukuma?"

Da ya ce a'a da an wuce wurin. Amma kalmar ta yi masa daɗi a kunne, sai ya ɗan ɗaga kafaɗa ya ce, "To, ka dai san manya ba su son a faɗi sunansu."

Wayyo! Kafin azahar an kira taron gaggawa ƙarƙashin bishiyar bedi. Kafin la'asar labari ya gama jami'a cewa hukuma za ta fara raba wifi da cokali. Abin da Maman Lawali ya manta shi ne abin da kowane ɗan Jiratawa ya sani: in aka ji za a datse ruwa, kowa buɗe ƙofarsa yake ya cika gonarsa tun da wuri. Haka kuwa aka yi. Ɗalibai suka dirar wa ginin da saluloli da ordinatoci, kowa na sauke abin da zai ishe shi har damina. Ƙungiya ta ƙaro akwati biyu ta ɗaura a kan gora. Hajiya Tasalla ta aika kasuwa aka kawo mata wani ƙato mai ƙahoni, ta kafa shi yana fuskantar tagar ɗakin sutnans, don a san ba a yi mata barazana.

Da Tahira ta sake gwada kiran Dakar, sai wata 'yar ƙawanya ke ta juyawa a fuskar ordinata. Ta fito ta tarar da shi a bakin teburinsa yana yi wa wani mai sayen caja bayanin tauraron ɗan'adam.

"Sannu, Injiniya. Jiya Farfesa yana ƙamewa baki buɗe. Yau ko bakin ba mu gani ba."

"Alamar nasara ce. Ciwo in zai fita tsananta yake."

"Ka ga, taubashi, wasa wasa ne, amma wannan aikin shi ne rayuwata. Ka bari Dokta ya dawo."

Ta faɗa ba dariya a fuskarta, har ya ɗan ji wani abu ya sosa masa zuciya. Sai dai a kan Maman Lawali tausayi ba ya zama haƙuri, sabon shiri yake zama. Ya ce a ransa: maƙwabta sun ƙi rabo, to sai datsiya. In ruwan maƙwabci na kwararowa gonarka, ai kunya kake tayarwa ka tare shi.

Ya hau kabu-kabu, babur ɗin haya, sai Tsibiri, ya sami Gwaggo Zuliha tana gyaran zogalen da za a yi dambun biki. A wurinta kam duk duniya ba wanda ya kai ɗan ƙanenta ilimi, tun da shi ya taɓa cire mata salula daga yanayin jirgin sama.

"Gwaggo, maƙiya sun taso ɗiyarki gaba. Rezonsu na shiga ɗakin jarrabawa ta taga."

"Innalillahi! Mi ta yi musu?"

"Hassada ce. Amma ni nan da kike gani na san maganinsu. Kwanon rufi nika so, rezo ba ya huda ƙarfe."

"Ɗebi na rumfar awaki, ɗana. Su sha rana, ba za su mutu ba."

Haka aka kware wa awakin Gwaggo rufi suna kallo, aka loda tsofaffin kwanuka a amalanken jaki, da tsatsarsu da warinsu. Ana gobe sutnans, Tahira na gida tana bita, Maman Lawali ya isa jami'a da yamma zaune a kan kaya kamar ango. Ya ce wa mai gadi Dokta ne ya yi umarni, aka buɗe masa ɗaki. Ya toshe tagogi duka da kwano, ya jingina saura a bangon da ke wajen Hajiya Tasalla da na wajen ɗalibai, ya zarge su gaba ɗaya da igiya guda ya ɗaure a ƙafar allo. Akwatin wifi kuwa ya sauke shi daga taga ya ɗora a tsakiyar tebur, don kar ya sha iskar maƙwabta.

Sannan ya ciro salula ya duba. Allahu akbar! Sunayen akwatunan maƙwabta, waɗanda da suka cika fuskar salula, duk sun ɓace. Saura na ɗakin shi kaɗai, sandunansa cike taf. Ya yi tsalle har hula ta faɗi. Ya ɗauki hoton abin zai aika wa Tahira, hoto ya ƙi tafiya. Ya ce salular ce ta tsufa. Yana fita waje hoto ya tafi fit. Mai hankali da ya tsaya nan ya yi tunani. Shi kuwa rumfar mai shayi ya nufa, ya ba da labari har shayin ya huce.

Ranar sutnans gari ya waye da zafi irin na bazara, wanda ko ƙadangare ba ya son hawa katanga. Dangi suka cika mota daga Tsibiri da Jiratawa, mata cikin anko ruwan goro, da kulolin dambu da kwaɗon zogale da jarkokin lemun zaƙi, don a nan ba a sutnans da yunwa. Tahira ta shigo da farin gyale da kundinta a ƙirji, ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ɗaki duhu sai fitila, zafi kamar gidan burodi, ga warin bunsuru.

"Maman Lawali. Mene ne wannan?"

"Datsiya," ya ce yana washe baki. "Duba salularki. Ko ɗigon rezon maƙwabta babu."

Malamai biyu suka shigo cikin baƙaƙen rigunansu masu nauyi na ranar sutnans. Ɗaya ya shaƙi iska ya tambaya ko a sashen kiwo aka mayar da zaman. Suka zauna, gumi ya fara bin wuyansu. Aka kunna ordinata, ta kama wifi nan take, sanduna cike. Maman Lawali ya juya ya dubi dangi ɗaya bayan ɗaya don kowa ya shaida. Aka kira Dakar. Shiru. Aka sake kira. Shiru.

Ana haka Dokta Ilyasu ya faɗo ɗakin da jakar tafiya a kafaɗa, motar Yamai ta makara. Ya dubi kwanuka, ya dubi akwati a tsakiyar tebur, ya dafe kai.

"Wane mai basirar ne ya yi wannan?"

"Ni ne, Dokta," in ji Maman Lawali, ya matso gaba don kar wani ya ƙwace masa yabo.

"Bawan Allah, akwatin nan daga ina yake samun abin da yake rabawa?"

"Daga… cikinsa."

"Daga ƙarfen rezo na waje! Ka toshe maƙwabta, ka toshe uwar ruwan ma. Sandunan da kake gani tsakaninka da akwati ne, shi kuwa akwatin ba komi a cikinsa."

Wani tsoho daga Jiratawa ya ce daga baya, "Ai mu mun san aikinsa." Aka kwashe da dariya.

Dokta bai tsaya dariya ba, don saƙo ya riga ya iske shi a hanya cewa Farfesa na da jirgin da zai hau da azahar, in ba a fara ba shi kam zai tashi. Ya ruga buronsa, wato ofishinsa, ya fara warware waya yana jawowa ta ƙofa.

Maman Lawali ya tsaya yana kallon wayar na shigowa kamar maciji. A gaban Gwaggo, a gaban mutanen Jiratawa, igiya ta kayar da Injiniya? Ina! Shi dai bai yarda da bayanin Dokta ba. Yoyo ne, in ji shi, rezon Hajiya Tasalla ne ke silalowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kuma wanda ya yi aikin ruwa ya san in ƙananan ƙofofi sun gagara, babbar ƙofa ake zuwa a datse daga tushe.

Ya sulale ya zagaya bayan gini, inda babban akwatin wutar lantarki yake. Ya buɗe. Makunnai birjik, ba wanda aka rubuta wa suna. Wanne ne na Hajiya, wanne ne na ɗalibai? Ya ga wani babba mai jan hannu a sama, ya ce lalle wannan na masu ƙahoni ne. Ya kama shi ke nan sai ya ji guɗa ta tashi daga ɗakin sutnans, ayyururui, har da tafi. Ashe waya ce ta kama, Farfesa ya bayyana tangaran yana gaisawa da jama'a. Maman Lawali kuwa ya ɗauka Gwaggo ce ta hango shi take ƙarfafa masa gwiwa. Ya ce bismillah, ya rataya da ƙarfinsa duka.

Ƙarau! Hannun makunni ya karye ya biyo shi. Guɗa ta yanke a tsakiya.

Ya dawo ɗaki yana taku ɗai-ɗai, ya ɗaga jan hannun sama. "Na datse su daga tushe!"

Fitila ta mutu, fanka na juyin ƙarshe, akwatin buron Dokta ya mutu, wayar da aka jawo ta zama igiyar shanya. Hasken ordinata kaɗai ya rage, da ke tana da batir, ga Farfesa a ƙame a kai da hannu ɗage yana gaisuwa.

Sai hayaniya ta taso daga baranda. Hajiya Tasalla ce a gaba da takarda rabi bugagge rabi fari, bayanta Salim da rundunarsa suna kirarin ba za su yarda ba.

"Ina ɗan albasar nan?" in ji Hajiya.

"Kamarad, ga ɗan hukumar can!"

Maman Lawali ya ja da baya yana cewa a tsaya a fahimci juna. Ya ƙara ja. Dunduniyarsa ta harɗe da igiyar da ya ɗaure a ƙafar allo. Jama'a, in ba ka taɓa jin rufin rumfar awaki ya zube gaba ɗaya a cikin ɗakin siminti ba, ba ka san ƙara ba. Malami ɗaya ya shige ƙarƙashin tebur da rigarsa. Jarkar lemu ta kife. Masu zanga-zanga suka watse, Salim ne a gaba. Haske ya shigo ta tagogi, ya sami Injiniya zaune a ƙasa cikin lemu, hula ta karkace, jan hannun makunni na nan a hannunsa.

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Shi ma ya fara shirya abin da zai ce, don bai taɓa faɗuwa ya rasa bayani ba. Sai idonsa ya faɗa kan Tahira. Tana tsaye inda take tun ɗazu, kundi a ƙirji, hawaye na zuba a kan farin gyalen, ba ta ko share su. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa tsiya ba, abin da bai taɓa gani ba tun suna yara. Kunya ta kama shi, irin wadda albasa ba ta sa shi ji ba.

Hajiya Tasalla ma ta gani. Ta yi tsaki ta zuge jakarta, ta ciro wani ɗan akwatin wifi mai batir, bai fi sabulu ba, wanda take tafiya da shi ƙauye. "Ungo, ɗiyata. Ba don wancan ba."

Tahira ta share fuska da gefen gyale. Aka kunna, amma a cikin ɗaki rezon na zuwa yana ɗaukewa. Tahira ta karɓa da kanta ta fita, tana ɗagawa tana duba ordinata ta taga, har ta gano wuri guda: a waje, daidai saman taga, inda ake hango ƙarfen rezo ta kan rufin ɗakin karatu. Sai dai wurin ya fi ƙarfin hannunta.

Salim, da ya dawo yana gyara tabarau, ya ce a ɗaura a gora.

"Akwatina ba ya hawa gora," in ji Hajiya. "Ga gora can mai hula."

Tahira ta dube shi. "Taubashi, tashi."

Aka kife turmin da aka zo da shi don zama, aka ɗora Maman Lawali a kai, a tsakiyar rana, hannun dama a miƙe sama da ɗan akwati. Nan take Farfesa ya motsa, muryarsa ta fito garau, don duk akwatunan ginin sun mutu, ba mai danne wani. Ya ce saura kaɗan ya rufe ya tafi, a fara.

Maman Lawali ya ji haka sai rai ya dawo masa. "Kun gani? Ai da ma na ce in anka datse…" To shi ba ya iya magana sai da hannu. Hannu na motsawa Farfesa ya ƙame.

"Kar ka motsa!" ɗaki duka ya ɗauka.

Gwaggo Zuliha ta jawo kujera ta zauna a inuwar bango kusa da turmin, da mafici a hannu. Ba fifita take masa ba. Da ya ja numfashi zai yi magana sai ta zungure shi da kotar maficin a haƙarƙari. "Awakina na can cikin rana saboda kai. Kai ma sha."

Tahira ta fara. Ta yi bayanin zogale tun daga iri har kasuwa, da yadda rabon ruwa ke gyara gona ko ya kashe ta. Farfesa kuwa, da ya ga rezo ya yi kyau, sai ya manta da jirgi ya shiga jero tambayoyi. Ƙuda ya sauka a hancin Maman Lawali ya yi zamansa. Gumi ya cika masa ido. Ɗalibai suka taru suna ɗaukar hoto, wani na tambaya ko sabon ƙarfen rezo ne hukuma ta kafa. Har Farfesa ya tambayi yadda ake buɗe ruwa a Jiratawa, tambayar da duk duniya ba wanda ya ƙagu ya amsa kamarsa. Ya cije leɓe, ya ji Tahira ta amsa ta daidai, bai ce uffan ba. Mutanen garinsu sun ce tun da aka haife shi ba a taɓa jin ya yi shiru mai tsawon haka ba, ko a sallah.

Daga ƙarshe aka miƙe tsaye, Farfesa ya bayyana cewa Tahira ta ci, da yabo mai kyau ƙwarai. Guɗa ta tashi, wannan karon ba wanda ya yanke ta. Aka buɗe kuloli, malamai suka tuɓe rigunan nauyi suka sa hannu a dambu. Hajiya Tasalla ta hau kujera ta ƙwace akwatinta. Aka sauko da Maman Lawali daga turmi, aka gaya masa gyaran makunni da mayar da rufin awaki duk suna wuyansa. Ya ce ya ji.

Sai dai hannu ya ƙi saukowa. Ya sandare a sama, kafaɗa ta riƙe. Da hagu ya ci dambu.

Haka aka rako shi bakin ƙofar jami'a hannu a sama. To ka san Maraɗi, ba a ɗaga hannu a bakin titi a banza. Kabu-kabu ya taka birki. "Ina zuwa?" Wani ya tsaya bayansa, wani ya yanko daga ɗaya hannun titi. Kafin ka ce me, sun kewaye shi suna ta oda, kowa na cewa shi aka fara kira.

"Ba ku nika kira ba! Ku tahi!"

"To sauke hannun mana, Malam!"

Mai shayi da mutanen rumfarsa har suna faɗowa daga benci. Tahira ta ratso tsakanin baburan, ta kama hannun da hannayenta biyu, ta riƙa jawo shi ƙasa a hankali yana cije haƙora.

"Sauke, taubashi," ta ce. "Na ci."

Hannu ya sauko. Ya dube ta, ya dubi ƙasa, ya gyara hula. Ya ɗan yi jim kamar mai neman kalmar ban haƙuri, ita kuma ta tsaya tana jira. Sai mai shayi ya ƙwalo daga rumfa, "Injiniya, wai mi ya faru ne a ciki?"

Fuskar Maman Lawali ta washe. "Ai ni nan da kuke gani," ya fara, ya ɗaga hannun hagu sama don ya nuna musu daidai inda ya kamo Dakar.

Kabu-kabu biyu suka ƙara taka birki.